Kundin girkin gidanmu a Jidda: bayanan aiki daga Janairu zuwa Mayu 2025

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan rajista domin in riƙa rubuta yadda aikin kundin girkin gidanmu yake tafiya. Manufar aikin ita ce a tattara girke-girken da muke yi a nan Jidda, na Hausa da na Hijaz duka, a rubuta su da awo tabbatacce, yadda yarinyar da aka haifa a nan, wadda ba ta taɓa ganin mudu ko tiya ba, za ta iya bin takarda ita kaɗai ta fitar da abincin da za a ci a yaba. Na kasa kundin kashi uku: abincin dare, kayan zaƙi da na gashi, sai kuma abincin ranar kallon ƙwallo, wanda ya zama babi mai zaman kansa saboda yawan mutanen da suke taruwa a majalisin maigida duk ranar da ake babban wasa.

Iyayenmu da hannu suke awo. Idan na tambayi Gwaggo, yayar mahaifina da take zaune a Makka tun kafin a haife ni, yawan kanwar da ake sa wa ɗan wake, amsarta ba ta wuce, "'Yar nan, ai hannu ne yake sani." Gaskiya ta faɗa, sai dai hannun da ya sani a tsakar gida ya koya, a gefen murhu, yana kallon manya kullum safe da yamma. 'Ya'yanmu kuwa a gidan bene suka tashi, da murhun gas da oben, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, kuma kayan da suke tararwa a kanti ba su ne na kasuwar Rimi ba.

Na fara da auna ma'aunan kansu a kan ƙaramin sikelin lantarki. Gwangwanin madarar ruwa mai giram 170, wanda shi ne abin awon yawancin matan gida, ya ɗauki kimanin giram 140 na shinkafa, sukari ma kusan haka. Fulawa ce mai rikici, domin idan an zuba ta sako-sako ba ta wuce giram 85 ba, idan kuwa an danna ta sai ta haura 100, kuma wannan bambanci ya isa ya mayar da kek mai laushi ya zama mai tauri. Saboda haka duk abin da za a gasa da giram zan rubuta shi.

Na kafa wa kundin sharuɗɗa. Kowane girki zai zo da awonsa, da sunan da ake kiran kayan haɗinsa a kantunan nan, da kuma alamomin da ido da hanci da hannu suke gane nuna da su. Kuma babu girkin da zai shiga kundin sai wani wanda ba ni ba ya dafa shi daga takarda, ba tare da na tsaya a kansa ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Wannan makon na tuwon shinkafa ne. Shinkafar da ta cika kantunan Saudiyya basmati ce, musamman wadda ake kira mazza, wadda ake turarawa tun tana cikin ƙaiƙayinta kafin a cashe ta. Wannan turarawa ita ce take sa ta yin wara-wara a kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta Saudiyya, kuma ita ce take hana ta yin tuwo, domin ko an tuƙa ta har hannu ya gaji ba ta kama jikinta. Shinkafar Masar, mai gajeriyar ƙwaya, ita ce mai danƙon da tuwo yake so. Awon da ya zauna shi ne giram 500 na shinkafa a ruwa lita ɗaya da rabi, a bar ta a wuta kaɗan har ƙwayar ta fashe idan an murza ta tsakanin yatsu biyu, sannan a tuƙa da muciya, a rufe ta sulala na minti 10, a sake tuƙawa kafin a kwashe malmala.

Ɓangaren miya ya fi sauƙi fiye da yadda sababbin zuwa suke zato. Mulukiyya da ake sayarwa ɗanya ko a daskare ita ce lalonmu, busasshiyar kuɓewa kuma tana nan a shagunan Sudanawa da sunan weka. Kuka da daddawa ne suke buƙatar nema. Tun bayan rushe-rushen tsofaffin unguwannin kudancin Jidda a 2022, irin su Sabil da Karantina, masu sayar da kayan miyar gida sun warwatsu, har ya zama da yawa daga cikinmu mun fi dogara ga 'yan'uwa masu zuwa Umara. Abin da aka samu da wahala bai kamata a bar shi ya lalace ba, shi ya sa na rubuta a gefen shafin cewa daddawa a firiza ake ajiye ta, domin danshin iskar teku yana sa ta fumfuna cikin ɗan lokaci. Kuka kuma babban cokali 4 ne a lita ɗaya na romo, a rage wuta kafin a fara barbaɗawa, a riƙa burgawa ba tsayawa don kada ta yi gudaji.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Daren jiya aka buga wasan ƙarshe na kofin Super na Sifaniya a filin Sarki Abdullah, wanda mutanen gari suke kira Jauhara, inda Barcelona ta ci Real Madrid 5 da 2. Majalisi ya cika tun bayan Isha'i, matan abokan maigida kuma suka zauna tare da mu a falon ciki. Shi ne gwajin farko na babi na uku, kuma tsire na zaɓa, tun da ko mutanen Hijaz sun san shi, suna sayensa da sunan siriya.

Tushen tsire garin ƙuli-ƙuli ne, kuma a nan sai mutum ya yi nasa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba ba ta yin wannan aiki, saboda yawancinta an sa mata sukari da sinadarin da yake hana mai rabuwa da tunkuza. Ɗanyar gyaɗa ake saya, ful sudani a bakin masu kanti, a gasa ta a oben har ɓawon ya fara fita da murza, a fece, a niƙa ta yi laushi, sannan a riƙa zuba tafasasshen ruwa cokali-cokali ana juyawa da ƙarfi. Da farko kwaɓin zai yi tauri ya dunƙule, daga nan sai a ga mai ya fara tsattsafowa a gefen kwano. Kilo ɗaya ya ba ni kusan kofi guda na mai. Tunkuzar da ta rage sai a yi ta fale-fale, a soya a cikin man nata, ta huce, a daka.

Ga kilo ɗaya na naman sa mara kitse, na tsayar da giram 200 na garin ƙuli, babban cokali ɗaya na citta, ɗaya na barkono, ƙaramin cokali ɗaya na masoro, rabin ƙaramin cokali na kanumfari, kimba biyu da aka cire wa 'ya'ya, gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Naman yana yankuwa fale-fale idan ya ɗan kama sanyi a firiza, kuma a gicciye ake yanka shi don kada ya yi wuyar tauna. Tsinken a jiƙa shi a ruwa tukuna. Oben ya kai maki 230, a jera tsiren a kan raga da tire a ƙarƙashi, minti 12, a juya, a yayyafa mai, a ƙara minti 7 da wutar sama.

Darasin da ya fi muhimmanci na lokaci ne. Na shirya naman ya fito daidai hutun rabin lokaci, sai alƙalin wasa ya yi ƙarin lokaci mai tsawo, Barcelona ta jefa ta huɗu a cikinsa, ba wanda ya motsa daga gaban talabijin, tsire kuma yana jira yana bushewa. Abin da zan rubuta a kundi shi ne a yi gashin farko da wuri, a naɗe naman a takarda tare da yankakkiyar albasa kamar yadda masu tsire suke yi, domin turirin albasar yana riƙe masa laushi, sannan a bar gashin ƙarshe na minti 7 sai an ji usur.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Waina ta zauna. Giram 600 na shinkafar Masar a jiƙa ta kwana, a dafa wata giram 100 ta yi luguf ta huce, a haɗa su da ƙaramar albasa a markaɗa da ruwa kimanin rabin lita, sannan a sa yis giram 7, sukari giram 60 da gishiri kaɗan. Dafaffiyar shinkafar nan ita ce take ba wa cikin wainar laushi, kuma duk wadda ta tsallake ta za ta ga wainarta ta yi garas-garas da zarar ta huce.

Lokacin tashin ƙullu ne ya bambanta da abin da muka sani. A Kano, cikin hunturu, akan kwaɓa da dare a soya da safe. Jidda ba ta san irin wannan sanyi ba ko a wannan wata, don haka a ɗakin girkinmu awa uku zuwa huɗu sun isa, idan kuwa ya kwana a waje sai ya yi tsamin da sukari ba zai rufe ba. Wadda take son soyawa da safe ta bar shi ya fara tashi na awa ɗaya, ta sa shi a firiji. Ban yarda in rubuta awanni kaɗai ba, domin ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki take aiki daban yake da wanda ba ta aiki. Na ƙara da alamomi: ƙullun ya ninka, samansa ya yi ƙananan ƙofofi, kuma idan an ɗaga ludayi ya zuba a haɗe ba tare da yankewa ba. Idan tsami ya yi yawa, cokali ɗaya ko biyu na jiƙaƙƙiyar kanwa yana kashe shi, wanda bai da kanwa kuma ya sa ƙaramin cokali na bekin foda dab da suya.

Tandar da nake amfani da ita daga gida aka kawo mini. Kaskon nan mai ramuka da ake sayarwa a nan yana aiki, amma ramukansa ƙanana ne, sai a rage wuta don kada bayan ya ƙone kafin cikin ya nuna.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 2025

Jiya Ranar Kafuwar Ƙasa ce, kuma a daren ƙungiyar Ittihad ta Jidda ta karɓi Hilal ta Riyad a Jauhara ta ci ta 4 da 1. Maigida da abokansa 'yan Ittihad ne tun suna samari, saboda haka na san taron zai fi na watan jiya, kuma nama kaɗai ba zai wadatar ba. Na ƙara da bandashe, abincin da na daɗe ina ganin an yi shi ne domin irin wannan zama: yana cika ciki, ba ya buƙatar cokali, ba ya lalacewa idan ya huce.

Gurasar Kano babu ita a nan, don haka na gwada burodin da ake da su. Burodin Larabawa mai faɗi ya cika siriri, da ya sha ruwa sai ya narke. Tamis, wanda ake gasawa a jikin tanderu a shagunan masu dafaffen wake da ake kira ful, shi ne ya fi kusa, da sharaɗin a sayi na gama-gari, ba mai sukari da man shanu ba. Ɓawonsa ya fi na gurasa tauri, shi ya sa ake tsoma shi a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau ɗaya da sauri, a jera a tire, a rufe na minti 5 ya saki jiki, sannan a barbaɗa garin ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a watsa albasa da tumatir da kokwamba. Tamis uku manya sun ci giram 250 na garin ƙuli. Wani dattijo cikin baƙin, wanda ya bar Kano tun yana saurayi, ya aiko ɗana ciki ya ce a gaya wa uwargida Allah ya yi albarka, rabonsa da bandashe ya manta.

Abin zaƙin daren basbusa ce, kuma ita ce girkin gashi na farko da ya kammala. Samid, wato tsakin alkama, marar laushi giram 350, sukari giram 150, yogot giram 240, narkakken man shanu giram 120, busasshiyar kwakwa giram 50, bekin foda ƙaramin cokali 2. Juyawa kaɗan ake yi, iyakar abin da zai haɗa kayan, domin yawan juyawa yana sa ta tauri. A shafe tiren da tahina, wato markaɗaɗɗen riɗi, a baza kwaɓin, a bar shi ya huta minti 20 samid ya sha ruwa, a gasa a maki 180 na kimanin rabin awa har gefen ya yi ja ya janye daga jikin tire. Ruwan sukarinta giram 400 ne a ruwa mililita 250, da ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami, wanda aikinsa shi ne hana sukarin komawa ƙanƙara idan ya huce. A dafa shi tun da wuri ya huce, a zuba a kan basbusar tana fitowa daga wuta. Saboda launin ƙungiyar, rawaya da baƙi, 'yata ta jiƙa za'afaran ta zuba a kwaɓin, ta jera habbatus sauda layi-layi a sama. Ƙamshin habbar ya dace da zaƙin, har na bar shi a matsayin zaɓi a cikin kundin.

Juma'a, 7 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar Asabar, 1 ga wata, aikin kundin kuma ya koma bin abin da ake buɗa baki da shi. Teburinmu haɗe yake: dabino, shorbar hatsi da sambusa irin na Hijaz a gefe guda, kunun tsamiya da ƙosai a ɗaya gefen. Gero yana samuwa da sunan dukun, har ana noma shi a yankin Jazan, kuma yana ba da gasara mai kyau. Tsamiyar ce sai an lura, domin akwai wata mai zaƙi da ake kawowa daga Tailan a cikin kwali, wadda ba ta da tsamin da kunu yake so. Ta Sudan, aradeb, ita ce irin tamu.

Ƙosai ba awo ne matsalarsa ba, bugu ne. A markaɗa surfaffen wake da ruwa kaɗan, a buga shi har ya yi fari ya yi sauƙi, a ɗiga kaɗan a kofin ruwa, idan ya taso sama ya bugu. Gishiri sai dab da suya. Wasannin lig a wannan wata sai bayan tarawihi ake buga su, kuma mutane suna zuwa a ƙoshe, saboda haka babi na uku ya tsaya a kan zoɓo da lugaimat, wato ƙananan fanke da ake tsomawa a ruwan sukari, har bayan Salla.

Talata, 18 ga Maris, 2025

Gwaggo ta zo daga Makka domin mu yi alkakin Salla kafin shigar goman ƙarshe, lokacin da ba mai iya raba ta da Harami. Alkaki ne girkin da na fi jin tsoron ya ɓace daga gidanmu, domin ba a yinsa sai Salla ko gara, kuma cikin matan da na sani a nan waɗanda suka iya shi duk sun manyanta.

Tsarin da muka bi shi ne ita ta ɗebo da hannunta, ni kuma in tare abin a kwanon sikeli kafin ya shiga ƙwarya. Ta yi haƙuri da ni ƙwarai. A madadin ɓarzajjiyar alkamar gida ta zaɓi jarish mai laushi, ta gauraya shi da garin alkama da ake kira burr, kuma da aka auna sai ya kama giram 500 na jarish da 250 na burr. Ta zuba mai tana murzawa tsakanin tafukanta, a hankali, har kowace ƙwaya ta sha. Sai ta damƙi cikin hannu ta matse, ta buɗe, ta miƙo mini. Garin ya tsaya a dunƙule da shatar yatsunta a jikinsa, da ta taɓa shi da babban yatsa kuma ya rushe.

Ta ce, "Kin gani? In bai tsaya ba, mai bai isa ba, alkakinki zai yi tauri. In kuma ya ƙi rushewa, mai ya yi yawa, zai watse miki a kasko."

Na ce, "Gwaggo, mililita 120 ke nan."

Ta ce, "Rubuta lambarki, amma ki rubuta damƙar ma. Alkamar bana ba ta bara ba ce."

Na rubuta duka biyun, kuma a ganina wannan ita ce hanyar da ta dace da kundin gaba ɗaya, domin lamba tana kai mai koyo kusa, alama kuma ita take gaya masa ya iso. An kwaɓa garin da laban, wato nonon kwalba, kimanin mililita 300 da ɗan yis, aka rufe ya kwana a wuri mafi sanyi a gidan. Washegari ta yayyafa ruwan kanwa, muka murza shi sosai a madadin kirɓawa a turmi, har ya yi danƙon da za a iya mulmula shi siriri a naɗe ba tare da ya tsage ba. Suyar a wuta kaɗan ake yi, cikin haƙuri, domin idan mai ya yi zafi da yawa bayan zai yi ja cikin yana ɗanye, kuma irin wannan alkaki ba ya ajiyuwa. Ruwan sukarin da tsamiya ta dafa shi, ta ce haka uwarta take yi, kuma tsamiyar aikin da lemon tsami yake yi a basbusa shi take yi a nan. Alamar ya yi ita ce a ɗiga tsakanin yatsu biyu a buɗe, ya ja zare ɗaya. Ana tsamo alkaki daga mai ake tsoma shi, ya ɗan jima, a kwashe a matsami.

Dubulan da nakiya ba mu kai gare su ba. Ta yi alkawarin nakiya bayan Hajji, in Allah ya kai mu.

Juma'a, 18 ga Afrilu, 2025

Bayan Salla na koma kan abincin dare, wannan karon na Hijaz. Saliƙ ya shiga kundi: a dafa kaza da albasa da kayan ƙamshi, wato hel da 'yar mistika, a tace romon, a dafa giram 300 na shinkafar Masar a lita ɗaya da rabi na romon har ta narke, a zuba madara rabin lita ana juyawa, a gama da man shanu. Kazar a gasa ta daban. Ana cinsa da duggus, wato markaɗen tumatir da koren barkono da tafarnuwa da lemon tsami. Na shafa wa kazar yajin tsire kafin gashi, ya dace ƙwarai, amma daddawa ba ta da wuri a romon da madara za ta shiga.

Sayadiyya, wato shinkafa da kifi, tana nan ba ta kammala ba. Kifin shu'ur daga kasuwar Bangala ba shi da laifi, launin shinkafar ne bai tsaya ba, domin ya dogara ga yadda aka soya albasa, kuma tazarar da take tsakanin albasar da ta yi duhu mai daɗi da wadda ta fara ɗaci ƙanƙanuwa ce. Sai na samo alamar da zan iya rubutawa.

Lahadi, 4 ga Mayu, 2025

Daren jiya Ahli ta ci Kawasaki Frontale ta Japan 2 da nema a nan Jidda, ta ɗauki kofin zakarun nahiyar Asiya. Ɗana na biyu ɗan Ahli ne shi kaɗai a gidan, kuma mahaifinsa ya ba shi majalisin ya tara abokansa. Na ga dama ce ta cika sharaɗin kundin, sai na miƙa wa 'yata ta fari takardun tsire da bandashe da muhallabiyya, na fita daga ɗakin girki.

Muhallabiyya ta fito daidai: madara lita ɗaya, garin sitacin masara giram 70, wanda ake kira nasha a kanti, sukari giram 120 da ɗan ruwan wardi, ta barbaɗa dakakken fustuƙ, wata koriyar ƙwaya mai kama da gyaɗa, a sama, fari da kore irin rigar ƙungiyar. Bandashe ma bai ba ta wahala ba. A tsire ne ta yi ta leƙowa tana tambaya, kuma kowace tambaya na rubuta ta. Ta ce, "Umma, fale-fale ɗin nan kaurin me ke nan?" Ta kuma tambaya ko kafin a soke naman ake shafa garin ƙuli ko bayan an soke, da kuma hawan da za a sa ragar a cikin oben. Duk abubuwa ne da wanda ya saba yake yi ba tare da tunani ba. Yanzu takardar ta ce kaurin yanka kada ya wuce rabin santimita, a soke tukuna sannan a danna tsinken cikin garin gaba da baya, a karkaɗe, raga kuma a hawa na biyu daga sama. Tambayoyin nata sun sa zan sake bin takardun tuwo da waina da irin wannan ido, in kuma ba wa ƙanwarta su ta gwada, tun da ita ko tuƙin tuwo ba ta taɓa yi ba.

Asabar, 31 ga Mayu, 2025

Ittihad ta haɗa lig da kofin Sarki bayan ta ci Ƙadisiyya 3 da 1 a daren jiya, kakar wasa ta ƙare, babi na uku kuma zai huta har a dawo. Tsire, bandashe, zoɓo da basbusa sun cika sharaɗi. A babin abincin dare tuwo da miyar kuka da saliƙ sun shiga, sayadiyya da ɗan wake suna jira. Alkaki yana rubuce, amma ba wanda ya yi shi daga takarda tukuna, don haka ban ƙidaya shi ba.

Babbar Salla za ta kama ranar Juma'a, 6 ga Yuni, kuma aikin mako mai zuwa na naman layya ne. Dambun nama ba ni da shakka a kansa. Kilishi ne abin nazari, domin a gida rana da busasshiyar iska suke busar da shi, iskar Jidda kuwa a wannan wata cike take da danshi, naman da aka shanya a waje zai iya lalacewa kafin ya bushe. Shirina shi ne in busar da shi a oben a maki 70 da ƙofa a ɗan buɗe, in tsoma a labu, in sake busarwa, sannan in yi masa gashin ƙarshe. An taƙaita shiga Makka ga masu takardar izini kamar yadda ake yi kowace shekara gabanin Hajji, saboda haka ta saƙon murya nake tambayar Gwaggo. Na aika mata tambaya a kan kaurin labu da kuma ko tana sa albasa a cikinsa, gyaɗar kuma gobe zan gasa ta in fitar da tunkuza.